Ku gwada takalmin motsa jiki da yamma, ba da safe ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk wanda zai sayi kambas domin tattakin da muke yi ranar Asabar, daga ƙofar shagon kayan wasanni zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ya bari sai bayan la'asar ya je gwaji.

Dalili kuwa shi ne ƙafa takan ɗan kumbura idan an wuni ana zirga-zirga, musamman a zafin Bauchi na watan Afrilu, kuma haka take yi a tsakiyar doguwar tafiya. Takalmin da ya zauna daram da safe shi ne zai matse ku kafin a kai rabin hanya. Ni da hantsi na sayi nawa, na dawo gida da bororo a diddige, farcen babban yatsana ya yi baƙi.

Ku tafi da safar da za ku riƙa sawa. Ku gwada ƙafafu biyun a tsaye, domin ɗaya takan fi ɗaya girma, sannan ku bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

Sai dai wannan awon bai shafi takalmin ƙwallo ba, wanda ake so ya kama ƙafa sosai. Wanda kuma kumburin ƙafarsa ba ya sacewa har wayewar gari, ya fara ganin likita.