Yadda Ake Cin Moriyar Ruwan Dam da Rani Ba Tare da An Ƙarar da Shi Ba

A ƙasar Katsina da Daura damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin, ruwan da madatsun Zobe, Jibiya, Ajiwa, Sabke da Daberam suka tara shi ne jarin mai lambu, masunci, makiyayi da mutanen gari masu jiran famfo. Kifi da tsuntsayen ruwa ma da shi suka dogara, su kuwa ba mai yi musu magana a taro.

Da farko, a zauna tun da kaka, ruwa na cike, zukata na kwance. Sarkin Ruwa, Sarkin Noma, Arɗo da mai unguwa su kafa doguwar sanda mai fenti a cikin ruwa, a yarda cewa ranar da ruwa ya sauka zuwa alamar, injin ban-ruwa ya koma bin layi, yau waɗannan, gobe waɗancan. Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. A Maris da Afrilu rana kaɗai tana shanye ruwa mai yawa. In ya yi ƙasa sosai sai ya ɗumama, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Tarwaɗa tana iya jurewa cikin taɓo, amma karfasa ba ta iyawa, kuma iyayen kifin da suka tsira su ne za su yi ƙwai idan sabon ruwa ya shigo. A manyan madatsu kamar Zobe da Jibiya, sai a tafi da wannan shawara wajen Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, a roƙi a riƙa sakin ɗan ruwa zuwa kogunan Karaduwa da Gada, don fadamun da ke ƙasa su ci gaba da tsattsafowa.

Sai gona. A yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a daidaita kwami, a rufe gindin tumatir da albasa da karan gero ko ƙaiƙayi. Alkama a shuka ta a Nuwamba, ta nuna kafin zafi ya kama.

Kada noma ya kai har bakin ruwa. A bar fili, a dasa jema da gamba, saiwarsu ta riƙe ƙasa, domin yashin da ruwan sama ke kwasowa shi ke cike dam a hankali. Dabbobi a ware musu mashaya guda, burtali ya kai su can.

Tankin feshi a wanke shi nesa da gaɓa, gwangwanin magani kada a jefa shi ruwa. Masunta kuma su bar amfani da koma mai ƙananan ido, su daina kamun kifi a farkon damina lokacin ƙwai. Wanda aka kama ya zuba maganin ƙwari na gamalin don kama kifi, a miƙa shi ga hukuma, domin ruwan da ya sa wa guba shi yara za su ɗebo gobe da safe.