Kafin ka sa wa motarka na'urar sanyaya baƙin mai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙanenmu a Jidda da ke haɗa mota da hannunsa ya tambaye ni ko ya sa mata na'urar sanyaya baƙin mai. Na ce masa ya fara sayen geji mai nuna zafin mai, ya hau hanyar Hada daga Makka zuwa Ɗa'if da rana tsaka a watan Yuli, ya ga abin da allura za ta nuna.

In mai yana tsayawa tsakanin digiri 90 da 110, ka bar kuɗinka a aljihu. In yana haura 120 a hawa ko cikin rairayi, to kana bukatarta, don in mai ya yi zafi haka sai ya tsinke, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaura ta babu tamostat, wato abin da ke hana mai shiga na'urar sai ya yi ɗumi. Mai yana bukatar ɗumi sosai kafin ya kori danshin da ke taruwa cikin inji, kuma da sanyin safiyar Ɗa'if ko Abha ba zai kai ba, sai ya riƙa yin kauri da datti. Ka nemi faranti mai tamostat a ciki da ake sawa ƙarƙashin filtar mai, wanda ke buɗewa wajen digiri 80.

Ka ɗaura ta inda iska ke bugu, amma kada ta toshe lagireto gaba ɗaya. Tiyo ya yi nesa da salansa, kuma ka ƙara mai, don ita ma tana cin nata.