Yadda Ake Gano Ƙwaron Ledibad da Bambance Ire-irensa a Lambunan Legas

Duk wanda ya taɓa duƙawa a kan kunyar wake ko kuɓewa ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ɗan ƙwaro ne dunƙulalle, bayansa kamar ƙwaryar da aka kife, ja ko rawaya ko baƙi, galibi da ɗigo-ɗigo. Shi ne ledibad, dangin da masana ke kira Coccinellidae, kuma ire-irensa da aka tantance a duniya sun kai wajen 6,000. Wanda ake yawan zanawa a littattafan yara, ja mai ɗigo 7, ɗan Turai da Asiya ne, don haka kar ka wahalar da kanka neman sa a Agege ko Ikorodu. Namu na nan daban suke, wasunsu ma sun fi shi kyau nesa ba kusa ba. Mafi yawansu ƙwarin da ke ɓata shuka suke ci, 'yan kaɗan ne ke cin ganye, kuma mai lambun da bai iya raba su ba yakan fesa wa masu yi masa aikin kyauta guba.

Mataki na farko: zaɓi wuri da lokaci

Mutane sun ɗauka sai an je daji. Lekki Conservation Centre, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, wuri ne mai daɗin yawo, haka ma wurin shaƙatawa na LUFASI da ke kan hanyar Epe. Amma a ganina cikin duhuwar itatuwa ba nan ne farautar ledibad ta fi auki ba. Ka fi samun su a inda rana ke bugawa kuma shuka ke fitar da sabon tofo: lambunan ganye na gefen Ojo da Iyana-Iba, gonakin Ikorodu, Epe da Badagry, filin da aka bari ciyawa ta cinye a bayan unguwa, har da barkonon da aka shuka a buhu a bayan ɗaki.

Ka fita da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi. Washegarin ruwa mai ƙarfi ba ranar fita ba ce, domin ruwan kan wanke abincinsu daga ganye. Shi ya sa ɗan tsagaitawar da damina ke yi a watan Agusta, da kuma farkon rani daga Nuwamba, sun fi tsakiyar Yuni da Yuli.

Idan lambun wani ne, sai da sallama. "Sannu da aiki, Baba, ko zan iya duba ganyen waken nan?" ta wadatar. Ka kuma tambaye shi yaushe ya yi feshi. In shekaranjiya ne, wuce gaba.

Mataki na biyu: nemi abincinsa, shi zai fito

Nan ne sirrin yake. Wanda ya zuba ido yana neman jan ɗigo a cikin ganye zai gaji bai ga komai ba. Darɓa za ka nema, wato ƙananan ƙwarin nan masu taruwa jingim a kan tofo suna tsotsar ruwansa. A kan wake baƙaƙe ne, a kan kuɓewa da barkono da kokwamba kore-kore ne ko rawaya-rawaya. Alamominsu uku ne: ganye ya nannaɗe, samansa ya yi danƙo har baƙar fumfuna ta hau shi, sannan tururuwa na safa da marwa a kan kara. Tururuwar zaƙin da darɓa ke fitarwa take sha, har gadinsu take yi. Bi layinta da ido zuwa sama, za ta kai ka inda ake cin kasuwar.

Da ka isa, juya ganyen a hankali ka duba ƙarƙashinsa. Kar ka girgiza reshen, domin ledibad da ya ji motsi sai ya naɗe ƙafafu ya saki jiki ya faɗo ƙasa. Dabarar da masu binciken ƙwari ke yi ita ce su tara farin ƙyalle ko buɗaɗɗiyar lema a ƙarƙashin reshe, su ɗan doke shi da sanda sau biyu ko uku, sai su tsince abin da ya zubo.

Kar ka raina ciyawar gefen hanya. Wadda Yarbawa ke kira Akintola, wasu kuma Awolowo, darɓa na yawan murɗe mata tofo. Ka duba kan rogo, gwanda da mangwaro ma, inda wani farin ƙwaro mai gari-gari ke manne wa ganye.

Mataki na uku: tabbatar ledibad ne

Ba kowane jan ƙwaro ba ne. Dubi ƙahonninsa biyu na kai: na ledibad gajeru ne ƙwarai, bakinsu da ɗan kauri, sau da yawa ma ba ka ganin su sai ka matsa. Ƙwarin da ke huda ganyen wake da kabewa nasu ƙahonnin dogaye ne sirara, jikinsu kuma ya fi tsawo. Ƙananan nan masu ɓula ganyen kuɓewa tsalle suke yi idan ka kai hannu, ledibad kuwa ba ya tsalle, sai dai ya faɗo ko ya tashi. A kan ganyen dankali akwai wani mai ƙyallin zinari wanda gefen bayansa garai-garai yake har kana hango ƙafafunsa, shi ma ba ɗan gidan ba ne. Jan ƙwaron da ke taruwa a kan busasshiyar kuɓewa da auduga dogo ne, kuma da tsinin baki yake tsotsa.

Idan ka ɗora shi a tafin hannu ya bar maka ɗigon ruwa rawaya mai ɗan wari, to shi ne. Daga gaɓoɓin ƙafafunsa yake fitar da shi don tsuntsu ko ƙadangare ya ji ɗaci ya tofar. Wanke hannu kawai.

Mataki na huɗu: sheƙi ko gashi?

Kafin ka fara ƙirga ɗigo, karkata shi ga hasken rana. Wanda bayansa ke sheƙi sumul, mafarauci ne, abokin mai lambu. Wanda yake da ɗan girma, bayansa dishi-dishi saboda wani lallausan gashi da ya lulluɓe shi, ka zarge shi da cin ganye, sannan ka nemi shaida: masu cin ganye kankare fuskar ganyen suke yi su bar jijiyoyi da wata siririyar fata da haske ke ratsawa.

Biyu daga cikinsu ya kamata ka sani. Na farko yana kan dangin kabewa, kankana, kokwamba da agushi. Tsawonsa milimita 7 zuwa 9, launinsa ja mai ruwan lemo, da baƙin ɗigo 6 a kowane murfin fiffike, 12 ke nan. A littattafan aikin gona za ka gan shi da sunan Epilachna chrysomelina ko Henosepilachna elaterii. Na biyu, Chnootriba similis, masara, dawa, shinkafa da ciyayi danginsu yake bi, kuma yana cikin ƙwarin da ke yaɗa cutar da ke mayar da ganyen shinkafa rawaya.

Ƙa'idar gashin nan tana da togaciya. Akwai 'yan mitsi-mitsi, milimita 2 ko ƙasa da haka, baƙaƙe ko ruwan ƙasa, masu gashi, na zuriyar Scymnus. Su mafarauta ne tsantsa. Girma da abin da ka tarar yana ci su za su raba maka gardama.

Mataki na biyar: karanta zanen

A cikin masu sheƙi, zuriyar Cheilomenes ce za ka fi cin karo da ita inda darɓa ta yi yawa. Cheilomenes sulphurea shi ne ɗan kwalisar cikinsu: baƙar shimfiɗa, manyan tabo rawaya, wasu da ɗan jan da ya sirka su. Cheilomenes lunata ya yi kama da shi a girma, wajen milimita 6 zuwa 7, sai dai tabonsa sun fi karkata ga ja ko ruwan lemo, kuma sukan haɗe su zama lanƙwasassun zane. Cheilomenes vicina ya fi su ƙanƙanta, kuma ba shi da ado sosai, rawaya ne ko ruwan lemo da baƙin layi a inda murafen fiffike biyu suka haɗu. Shi ne ka fi gani a gonar wake.

Baƙaƙen ma kar ka wuce su. Exochomus ƙarami ne, baƙi wuluk mai sheƙi, gefen wuyansa biyu ruwan lemo. A kan rogo za ka neme shi da rani. Farin ƙwaron rogo mai gari-gari daga Kudancin Amurka ya shigo Afirka a farkon shekarun 1970, ya yi ɓarna mai yawa har sai da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, a aikin da masanin ƙwari Hans Herren ya jagoranta, ta saki wani ɗan ƙanƙanin zanzaro a 1981 wanda ya karya lagonsa. Exochomus da wata zuriyar ledibad mai suna Hyperaspis, dukansu na gida, su ma sun koma cin baƙon, shi ya sa kan rogon da ya cukurkuɗe wuri ne mai kyau na dubawa. Chilocorus kuma bayansa ya fi na kowa tudu, da ɗan baki da ya fito a kewaye. Jikin lemo da ganyen kwakwa yake bi yana cin ƙwarin nan masu ɓawo da ke manne wuri guda, don haka in ka je Badagry ka ɗaga ganyen ƙananan kwakwa.

Yawan ɗigo ba ya nuna shekarun ƙwaron, kuma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Iri ɗaya kan fito da zane daban-daban, wani ma ya yi duhu har tabonsa su ɓace. Wanda ya rikiɗe daga tsutsa ya zama babba yanzu kuwa fari-fari ne mai laushi, sai bayan sa'o'i zanen ke bayyana. Haɗa abu huɗu: girma, sheƙi, zanen wuya, da shukar da ka same shi a kai.

Mataki na shida: san 'ya'yansa

A nan aka fi yin kisan kuskure. Ƙwansa rawaya ne, dogaye, a tsattsaye cikin gungu a ƙarƙashin ganye kusa da darɓa. Tsutsarsa ba ta kama da uban ko kaɗan: doguwa ce, baƙa ko ruwan toka da tabon rawaya ko fari, ƙafafu shida, tana yawo da sauri tana cin darɓa ba ji ba gani. Sau uku take sauya fata, sannan ta manne wa ganye ta dunƙule kafin babban ya fito. A zafin Legas mako biyu zuwa uku sun isa daga ƙwai zuwa babba. Tsutsar masu cin ganye rawaya ce, mai nauyin jiki, da ƙayoyi masu rassa. Ta Scymnus da Hyperaspis kuwa farin kaki ne ya rufe ta har ka ɗauka farin ƙwaron da take ci ne. Taɓa ta da tsinke, in ta ruga da gudu mafarauciya ce.

Mataki na bakwai: ɗauki hoto, ka rubuta

Hoto uku ake so: daga sama, daga gefe, da daga gaba inda kai da wuya ke fitowa. Ajiye ƙwayar wake ko kan biro kusa da shi don a gane girmansa. Idan wayarka ba ta kama ƙananan abubuwa, ɗora gilashin ƙara girma a gaban kyamarar, kuma ka tare rana da jikinka don ƙyallin bayansa kar ya cinye zanen. Rubuta kwanan wata, unguwa, sunan shuka da abin da yake ci. Ɗora hotunan a manhajar iNaturalist mai taimakawa wajen gane sunayen halittu, amma sunan da ta fara ba ka hasashe ne, musamman ga ƙwarin Afirka ta Yamma, jira masana su duba. Ƙananan irin su Scymnus sau da yawa a sunan zuriya ake tsayawa, domin raba su sai da madubin ɗakin bincike. Da ka gama, mayar da shi kan ganyen da ka ɗauko shi, kusa da darɓar.