Kafin ka biya kuɗin zumurrudu, leƙa cikinsa

Jama'a duk mai son sayen zumurrudu ko akwamarin, dutsen ado mai shuɗi-shuɗi, ya nemi ɗan gilashin nan mai ƙara girma sau 10, ya leƙa cikin dutsen a hasken rana.

In ka ga 'yan kumfa zagaye-zagaye a ciki, ajiye kawai, galibi kwalba ce aka rina.

Zumurrudu da akwamarin duk dutse ɗaya ne, sunansa beril, kala ce ta raba su. Zumurrudu na gaske da wuya ka same shi tas, kusan kullum za ka ga 'yan tsagu da ɗigo-ɗigo, wanda ya cika tsabta kuma ga shi da araha shi ne abin tsoro wallahi.

Amma fa dabarar ba ta kama wanda aka haɗa a lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, shi ma beril ne sak, wannan sai masu na'urar gwaji. Akwamarin kuma yakan zo tas abinsa, kar ka ƙi shi don haka.