Kafin ka ja motar haya a garin bakin teku

Jama'a, duk mai shirin zuwa hutu bakin teku da niyyar ɗaukar motar haya, kada zumuɗi ya sa ya karɓi makulli ya wuce. Ka zagaye motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo: tayoyi, gilashin gaba, ƙasan bamba, har rufinta. Duk ƙwarzanen da ka gani, a rubuta shi a takardar yarjejeniya kafin ka sa hannu, don ranar mayarwa ba a yarda da shaidar baki.

Inshorar da ke zuwa da mota sau da yawa ba ta ɗaukar taya, gilashi da ƙarƙashin mota. Idan kuwa ka hau da ita kan yashin gaɓa, yawancin kamfanoni za su zare hannunsu, kuma da taya ta nutse, kuɗin janwe a aljihunka zai fito. Tawul da takalma a kakkaɓe su a waje, wasu har kuɗin share yashi suke caja.

Kunna na'urar sanyaya ka ji sanyinta tun a wurin. Makullin zamani ba ya shiri da ruwan gishiri, kada ka shiga teku da shi a aljihu. Batun mai kuwa, ka karɓa a cike, ka mayar a cike, ka riƙe rasit ɗin gidan mai.