Yadda ake tara tsofaffin faya-fayen kiɗan sol ba tare da an tafka asara ba

Kiɗan sol na baƙaƙen fatar Amurka ne. Tushensa waƙoƙin coci da kiɗan bulus, kuma ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Mafi yawansa a ƙananan faya-fayen garmaho ya fito, masu faɗin inci 7, masu juyi 45 a minti ɗaya, waƙa guda a kowace fuska. Su ake farauta yau, kuma wanda bai iya karanta faifai ba shi ake yi wa sakiyar da ba ruwa.

Da farko, ka tsaya a kan kamfani ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ko ka ɗauki Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a birnin Ditroit a 1959, mai sauti a goge tas. Ko kuma Stax na birnin Memfis, gidan mawaƙi Otis Redding, inda kakaki da ganga suka fi kaushi. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton ne suka haɗa haruffa biyun farko na Stewart da na Axton a 1961 aka sami Stax, kamfanin kuma ya durƙushe a 1975. Ni dai na fi ba sabon shiga shawarar Stax, don tarihinsa gajere ne, ana iya riƙe shi a ka.

Mataki na biyu shi ne karanta takardar da aka manna a tsakiyar faifan. Launinta da tambarinta shaida ne. Ƙananan faya-fayen Stax na kafin 1968 takardarsu shuɗiya ce da zanen tarin faya-fayai. Bayan sun raba gari da kamfanin Atlantic, mai rarraba musu faya-fayai, a wannan shekarar, sai ta koma rawaya da zanen hannu yana ƙyasta yatsu. To idan ka ga waƙar 1965 a kan takarda rawaya, ka san sake bugawa aka yi, kada ka biya kuɗin bugun fari. Haka nan faifan da aka rubuta wa Tamla Motown ba bugun Amurka ba ne, sunan da kamfanin EMI ya riƙa fitar da kayan Motown da shi ne a Ingila tun 1965. Ka duba ƙasar da aka buga shi a can ƙasa da ƙananan haruffa. Za ka iya cin karo da bugun Najeriya ma, don kamfanonin EMI da Decca sun yi harkar faya-fayai a Legas, kuma sol ya shiga jinin samarin birane a lokacin, har James Brown ya zo ya yi wasa a Legas a 1970.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Tsakanin inda waƙa ta ƙare da takardar tsakiya akwai ɗan fili sumul. Karkata faifan a gaban haske, za ka ga lambobi da haruffa, wasu an zana da hannu, wasu an buga da hatimi. Wannan ita ce lambar ainihin farantin da aka yi bugun da shi. Rubuta ta yadda take, ka shiga shafin Discogs, wanda aka buɗe a 2000, ka nemi waƙar, sannan ka gwada lambarka da ta kowane bugu da aka jera. Masu jabu kan kwaikwayi takarda cikin sauƙi, amma wannan lamba takan tona musu asiri. Rubutun takarda da ya yi dishi-dishi, kamar an ɗauko shi daga hoto, shi ma alamar tambaya ne.

Daga nan sai lafiyar faifan. Ƙarzanar da ido kaɗai ke gani ba ta cika ɓata sauti ba, amma wadda farcenka ya ji ta, allura ma za ta ji ta. Ɗora faifan a kan tebur ka ga ko ya lanƙwashe. Akwai kuma wani tarko: ƙananan faya-fayen Amurka da yawa da robar sitirin aka yi su, mara nauyi, mai saurin cinyewa. Irinsu sai ka gan su suna ƙyalli, ka sa allura ka ji ƙara kamar ana suyar ƙosai. Saboda haka in da hali ka saurara kafin ka biya. A intanet dillalai na amfani da alamu: NM kusan sabo, VG+ mai kyau da 'yar ƙarzana, G wanda ya sha jiki.

Batun farashi kuwa, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Waƙar da ta yi farin jini an buga ta da miliyoyi, don haka arha take. Masu tsada su ne waɗanda ba su samu kasuwa ba a zamaninsu, sai daga baya matasan arewacin Ingila suka tono su don rawa a wurare irin su gidan rawa na Wigan Casino, wanda ya yi aiki daga 1973 zuwa 1981. Ta haka faifan mawaƙi Frank Wilson na 1965, wanda Motown ta fasa fitarwa, ya kai sama da fam dubu 25 a gwanjon 2009. Kada kuɗin da dillali ya yanka ya ruɗe ka, nemi nawa aka sayar da irinsa a zahiri. Discogs na nuna wannan, haka ma shafin Popsike.

A gida, ka tambayi masu gyaran rediyo da 'yan gwanjo da dattawan da suka yi samartaka a shekarun 1970. In dattijo ya buɗe maka akwatinsa, ka faɗa masa gaskiyar darajar kayansa, ka kuma tambaye shi inda ya saya da shekarar, ka rubuta a littafinka tare da lambar faifan.

Saura wanki da ajiya. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ɗigon sabulun ruwa guda, da ƙyalle mai laushi sun isa. Bi zagayen tsagin, kada ka jiƙa takardar tsakiya, ka bar shi ya bushe a inuwa. Jera su a tsaye kamar littattafai, kowane cikin rigarsa ta takarda, nesa da taga da kuma ɗakin da rufin kwano ke gasawa. Ƙurar hunturu na cin allura, danshin damina na kawo fumfuna, faifan da aka manta a mota da rana a watan Afrilu kuwa sai dai a yi adon bango da shi.