Yadda Za Ka Gane Ma'anar Kalmar "Precinct" Kafin Ka Fassara Ta

Duk mai fassara labaran Amurka ko na Birtaniya zuwa Hausa zai ci karo da kalmar precinct, kuma sau da yawa akan yi mata fassarar gaggawa a ce "unguwa" ko "gunduma", alhali a wurare da dama ba abin da ake nufi ke nan ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara daga tushenta.

Kalmar ta shiga Turanci wajen shekarar 1400 daga Latin ɗin tsakiyar zamani, inda ake cewa praecinctum. Gaɓa biyu ne aka haɗa: prae, wato gaba, da cingere, wato ɗaura ɗamara ko zagaye abu da ɗauri. Saboda haka, idan ka ga kalmar, ka kawo a ranka wurin da aka yi wa ɗamara, aka shata masa iyaka ta kowane ɓangare, ko da katanga ko da layin da hukuma ta ja a taswira. Daga wannan tushe ne kuma aka samu succinct, wadda asalinta ke nufin wanda ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu, daga baya ta koma nufin magana a taƙaice.

Bayan tushe, sai ka duba ƙasar da labarin ya fito, domin a nan ne aikin yake. Idan labarin zaɓen Amurka ne, kalmar tana nufin mafi ƙanƙantar yankin jefa ƙuri'a, wanda galibi masu zaɓensa suke zuwa wuri ɗaya. Idan gidan talabijin ya ce kashi 60 cikin ɗari na waɗannan yankuna sun ba da sakamako, abin da ya fi kusa da fahimtar mai sauraro a Najeriya shi ne rumfunan zaɓe, irin 176,846 da hukumar INEC take da su tun 2021. A ganina kuskure ne a ce "mazaɓa" a nan, domin Bahaushe idan ya ji mazaɓa, yankin kansila ko na ɗan majalisa yake hangowa, kuma wannan ya fi girma nesa ba kusa ba.

Idan kuwa maganar 'yan sanda ce, to sai ka ƙara natsuwa, saboda kalmar tana ɗaukar yankin da ofishi yake kula da shi, tana kuma ɗaukar ginin ofishin kansa. A birnin New York lambobi ake ba su, har akwai mai lamba 123 a tsibirin Staten. A daren 28 ga Mayu, 2020, kwana uku bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sanda, masu zanga-zanga a birnin Minneapolis sun cinna wa Third Precinct wuta. Wanda ya rubuta cewa an ƙone "gunduma ta uku" ya sa mai karatu ya ɗauka wani yanki na gari ne ya babbake baki ɗaya, alhali caji ofis ɗaya ne ya ƙone. Fi'ilin da ke kusa da kalmar shi zai warware maka: ana sintiri a cikin yanki, amma gini ake kai wanda aka kama, gini kuma ake ƙonawa.

A Birtaniya amfanin ya sha bamban. Idan kalmar ta zo da jam'i tare da sunan coci ko kotu ko majalisa, kamar na babban cocin Canterbury, "haraba" ce fassararta, kuma wannan ma'ana ce ta fi kusa da tushen Latin. Akwai kuma filin kantuna da aka hana motoci shiga, kamar wanda aka gina a tsakiyar Coventry a shekarun 1950 bayan ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa birnin a 1940. Wannan ba shi da kalma guda a Hausa, don haka gara ka bayyana shi kai tsaye ka ce wurin kasuwanci na masu tafiya da ƙafa kawai.